Buhunan da Ban Soka Ba

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya san abin da hannu ya rubuta da abin da zuciya ta ɓoye, kuma tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu. Ya ku 'ya'yana, labarin ƙuruciyata a Sanyinna da yadda na dawo Tambuwal da zama bai ba ni wahalar rubutawa ba. Wannan babi kuwa na daɗe ina ɗaga shi. Magana ce a kan ƙanena, Baffanku Sahabi. Kun taso kuna jin ana cewa shi ne direban da ya kai wa mutane waken guba a ƙetare, har aka ɗaure shi shekara uku. Kun ji a makaranta, kun ji a bakin famfo, kuma ba ku taɓa jin na musa ba. To ba shi ba ne. Ni ne, kuma ga yadda abin ya faru.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san yadda fitar da hatsi ƙetare take a da ba. Mota za ta tashi daga Tambuwal da wake, ta bi ta Jega ta nufi iyaka. A iyaka sai a sauke kaya, a soka buhu, a duba. In an tsallaka, mutanen can su ce ba su san takardarmu ba, tasu dokar dabam ce, a sake saukewa. In za ka wuce zuwa ƙasa ta uku, nan ma haka. Sahabi ya taɓa kwana tara a bakin wani shinge saboda takardarsa ta ce buhu, tasu kuma tana son a rubuta kilo. Ya dawo gida ƙafafunsa a kumbure, yana ba mu labari yana dariya, domin shi mutum ne da ko an cuce shi sai ya mai da abin abin dariya. Ni a lokacin ina rubuta wa ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar hatsi takardu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma rubutuna yana da kyau, kuma ina iya haɗa Turanci daidai na cika fom.

A shekarar da aka haifi 'yar'uwarku Nafisa aka ce ƙasashen yankinmu sun zauna sun daidaita dokokinsu na ciniki. Maimakon kowace ƙasa da tata takarda, za a yi takarda ɗaya. A duba kaya sau ɗaya a inda aka yi lodi, a ɗaure tamfol, a maƙala wani ɗan makulli na roba mai lamba wanda ba ya buɗuwa sai an yanke shi, shi ke nan mota ta wuce kowace iyaka ba mai taɓa ta. Kowace ƙungiya aka ce ta turo mutum ɗaya a koya masa dubawa da sa hannu. Aka tura ni Sakkwato mako guda. Wanda ya koyar da mu wani dattijon lauya ne mai furfura, wanda ya ce ya tsufa a ɗakunan taro yana gardama da takwarorinsa masu jin Faransanci. Ya ce a kan ma'anar kalmar buhu kaɗai sai da suka kusa dambe. Muka yi ta dariya. A rana ta ƙarshe kuwa bai yi wasa ba. Ya ɗaga ƙarfen nan mai tsini da rami a ciki, wanda ake soka buhu da shi a ɗebo ƙwaya, ya ce:

"Ku soka kowane buhu. Ku shinshina. Ku tambayi mai kaya wane magani ya sa, kuma yaushe. In maganin feshin gona ne ya zuba, kada buhun ya hau mota, ko na ubanku ne. A da in kun yi sakaci akwai shinge bakwai a gaba da za su kama. Yanzu an cire su. Daga hannunku sai tukunyar wata mata da ba ku sani ba."

Na rubuta wannan magana a littafina, har na ja mata layi. Ba zan ce ban ji ba.

Wata biyar aiki yana tafiya lafiya. Tafiyar da ke cin mako biyu ta koma kwana huɗu. Manoman Fakku da na Sanyinna suka fara kawo wakensu kai tsaye, suna samun abin da ba su taɓa samu ba. Ni kuma sai aka fara tashi a ba ni wurin zama. Doka ce mai kyau, kada wani ya ce muku ita ta jawo. Har yau mutane na cin abinci da ita.

Ranar da nake magana a kai ta faɗo a ƙarshen bazara, lokacin da ƙwaro ke shiga wake sosai, hadari kuma ya fara haɗuwa. Motar Sahabi ake lodi. Shi ya tafi wajen mai gyaran birki, ya bar ni da masu dako. Sai ga kakanku na wajen uwa, Alhaji na Fakku, ya iso da buhu goma sha biyu a akori-kura. Kun san yadda ake tsakanin mutum da surukinsa a wurinmu. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ambaton sunansa ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaro, na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Da muka gama gaisuwa ya nuna buhunansa da sanda.

"Malam, ga su nan. Yi aikinka."

"Haba Baba, ai naka ba sai an duba ba."

"An ce doka ta."

"Doka ta san manya, Baba."

Dattawan da ke zaune suka yi ta gyaɗa kai. Wani ya ce wa Alhaji ya yi dacen suruki, yaran yanzu ba su da irin wannan kunya. Na ji daɗin maganar nan har cikin ƙashina. Na tashi na soka na kowa, buhu bayan buhu, na tsallake layin nan guda. Da na zo wucewa ta gefensu, wari ya buge ni. Ɗan gidan manoma ne ni, na san warin maganin feshi kamar yadda na san warin hayaƙi. Na tsaya ƙarfen yana hannuna. Abin da ya rage kawai in juya in ce, Baba, me aka sa wa waken nan? Amma in tsaya a gaban jama'a in tuhumi uban matata, bayan yanzun nan aka gama yabona, sai bakina ya yi nauyi. Na ce a raina tafiya ce mai nisa, iska za ta buge shi, kuma mata suna wanke wake kafin su dafa. A can ƙasan zuciyata kuma tsohon tunani ne, cewa ai wani zai duba a gaba. Na manta cewa ni da bakina na yi ta yi wa manoma albishir ba mai dubawa a gaba.

Na cika takarda, na sa hannu, na buga hatimi. Sahabi ya dawo hannunsa duk baƙin mai, ya ga mun ɗaure tamfol. Ya leƙa wajen tabarma ya ga Alhaji, sai ya matso kusa da ni yana murmushin tsokana.

"Yaya, duk ka soka?"

"Duk."

"Har na Baba? Kai da ko tarin kirki ba ka iya yi gabanai?"

"Har na Baba. Hau ka tafi, kana ɓata mini lokaci."

"To ranka ya daɗe, mai hatimi."

Ya karɓi takarda ya cusa a aljihun gaba, ya yi addu'ar hawa, ya ja mota.

Abin da ya same shi a hanya daga baya na ji. Ya tsallaka iyaka lafiya, ba wanda ya taɓa tamfol. Can cikin ƙasar mutane ruwan farko ya sauka, motar ta nutse a laka har gindi. Babu yadda za a fitar da ita sai an rage kaya. Ya yanke makullin roba, mutanen wani ƙauye suka taya shi saukewa da mayarwa. Da ya isa, mai karɓar kaya ya rubuta a takarda cewa makulli a yanke ya zo, ya karɓa, aka raba wake a kasuwa. Sahabi ya dawo gida, ya kwana biyu, ya sake lodi ya koma. A wannan tafiya ta biyu aka kama shi. Ashe gidaje da yawa sun ci waken sun kwanta. A gida ɗaya wata tsohuwa da jikarta 'yar shekara shida ba su tashi ba. Da aka bi sawu, lambar motarsa ce a takarda.

Dokar ta yi tanadin irin wannan a fili, kuma na san ta. In makulli ya isa a rufe, mai sa hannu ke amsa laifi. In ya isa a yanke, direba ke amsawa, sai fa in mai sa hannu ya ce kayan da aibinsu suka tashi. Bayan kwana goma sha wani abu wasiƙa ta iso mini ta hannun shugaban ƙungiya. Shafi ɗaya ce, Turanci a hagu, Faransanci a dama, iri ɗaya da wadda ake aika wa kowa a duk ƙasashen. Tambaya ɗaya ce a ciki: shin ka duba kowane buhu kamar yadda doka ta ce? Ga akwati na i, ga akwati na a'a. Shugaba ya ce mini in yi tunani da kyau, domin in na ce a'a za a iya karɓe izinin ƙungiya gaba ɗaya. Bai tambaye ni gaskiyar abin ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Kwana uku takardar tana aljihuna. Mahaifiyata, Innarku tsohuwa, a gidana take zaune lokacin. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Sahabi kuwa autanta ne, shi take wa faɗa, shi take wa dariya, shi ke sayo mata goro daga kowace tafiya. Tun da labari ya zo ta daina shiga ɗaki da rana. Ta ɗauko kujerarta ta tsugunno ta aje kusa da zaure, inda za ta ji tsayuwar kowace mota.

A rana ta biyu da la'asar na shiga cikin gida na iske mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, tana tankaɗe. Ta aiki yara waje, ta ce in zauna. Ba ta daina tankaɗen ba.

"Malam, ranar da na je suna Fakku, na iske Baba da jarka shina yayyafa ma wake. Na ce mishi warin ya yi yawa, ya ce ƙwaro ya kusa cinye rumbu. Wannan waken na anka ɗora ma Sahabi?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara:

"Ka soka?"

"Na ji wari."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ban soka ba."

Sai a lokacin ta aje rariya. Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya.

"To mi kaka jira?"

"In na faɗi, Baba za a ɗauka. Kina son a kai tsoho gaban alƙalin da ko harshenai ba ya ji?"

"Baba bai sa hannu ga takarda ba. Kuma Baba tsoho na, amma ba maƙaryaci na ba. Kada ka jingina wanga abu gare ni, kada ka jingina shi ga ubana. In tsoro kaka ji, ka ce tsoro nika ji."

Na tashi na fita ina faɗa, na ce mata ba ta san doka ba. A zaure Inna ta tare ni, idonta a ƙasa kamar yadda ta saba.

"Kai wanga, kai da ka san boko. Ba ka rubuta musu su sako mini yaro?"

"Zan rubuta, Inna."

Washegari da hantsi sai ga Alhaji da kansa. Ya hau bayan babur tun daga Fakku a kan hanyar nan mai ramuka, mutumin da ya haura saba'in. Bai aiko a kira ni ba kamar yadda ya dace da girmansa, shi ya zo ƙofar gidana. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa nesa.

"Malam, na ji abin da ya faru, na kasa cin abinci. Na zuba ma waken nan magani, irin wanda muka feshi da shi. Kowa haka shika yi in ƙwaro ya yi yawa, a bar shi ya daɗe kafin a ci. Ni na ɗauka ƙarfenku na duba ƙwaro na, ban san ana tambayar magani ba. In nawa na ya kashe bayin Allah, ka faɗa mini. In hau mota in je in ce ni na, a sako yaron mutane."

Ku lura da wannan wuri da kyau, 'ya'yana, domin duk uzurin da na shirya wa kaina a nan ya ƙare. Tsohon da nake cewa ina karewa, ga shi ya kawo kansa. Abin da ya rage shi ne ni. In ya faɗi nasa, dole a tambayi wanda ya sa hannu. Na tuna yadda ake tashi a ba ni wuri. Na tuna gidan yari a ƙasar da ban san kowa ba. Na gaya wa kaina Sahabi direba ne, ya saba da jami'ai, bakinsa da zaƙi, mako biyu zai yi su sako shi, ni kuwa in na shiga ba zan fito ba. Kaina a sunkuye na ce:

"Ba naka na ba, Baba. Likitocinsu sun ce a hanya abin ya samu kayan."

Ya sauke numfashi, ya yi hamdala, ya yi wa Sahabi addu'a mai tsawo, ya sa mini albarka. Yana hawa babur na shiga shagon wani mai sayar da littattafai, na ari biro, na sa alama a akwatin i.

Ba a kira ni kotu ba. Dokar da ta sa aka yarda da sa hannuna ba tare da an buɗe buhu ba, ita ta sa aka yarda da shi ba tare da an ga fuskata ba. Shedar da aka bayar a wata ƙasa sheda ce a kowace. Tafinta ya karanta wa Sahabi cewa mai dubawa na Tambuwal ya tabbatar kaya sun tashi lafiya. Wani direba ɗan garinmu da ya halarci zaman ya ce alƙali ya tambayi Sahabi ko yana da ja. Ya ce ba shi da ja, mai dubawar yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, in ya rubuta haka to haka ne. Aka yanke masa shekara uku.

Ban je ba ko sau ɗaya. Nakan ba direbobi sabulu da gari da ƙuli-ƙuli su kai masa, in ce aiki ya riƙe ni. Inna ta ci gaba da zama bakin zaure. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta tambaya, ba tare da ta dube ni ba, ko an amsa takardar da na rubuta. In ce ana dubawa. Ta ce Allah Ya yi mini albarka, da ba don ni ba da ba ta san inda za ta sa kanta ba. A damina ta biyu ƙafafunta suka kumbura, muka mai da ita ɗaki. Ta sa aka juya gadonta ya fuskanci ƙofa. A haka ta rasu, saura wata goma sha huɗu ya fito. Ni na shiga kabarinta na karɓe ta. Mahaifiyarku kuma ba ta sake tayar da maganar ba har abada. Ba ta tona ni ba, domin tana da ku. Amma tun ranar da na cika takardar nan ba ta sake kirana Malam ba, sai baban Nafisa. Kun sha tambayarta dalili tana cewa tsufa ne. Kowace Juma'a kuma takan zuba abinci a babban kwano ta aika gidan Sahabi, ko muna da shi ko ba mu da shi.

Da ya dawo, da ƙyar na gane shi. Mutumin da ke ɗaga buhu da hannu ɗaya ya koma kamar kara, ga gyambon ciki, ga tari. Kafin ya shiga gidansa nawa ya fara zuwa. Ya durƙusa a zaure a daidai inda Inna take zama, ya yi kuka, sannan ya juyo gare ni.

"Yaya, ka yafe mini. Ka yi aikinka tsaf, ni na ɓata maka. Na sa an riƙa kiran sunanka a kotu."

Na ce masa ba komai, ƙaddara ce, ya tashi. Har na dafa kafaɗarsa. A cikin duk abin da na aikata, wannan dafawar ce ke fi dawo mini.

Ba wanda ya sake ba shi mota. Ya kafa rumfar faci a bakin titin Sakkwato, inda kuka san shi. Dariyar nan tasa ba ta dawo ba. 'Ya'yansa suka taso ana nuna su. Ni kuwa na riƙe hatimin nan shekaru, kuma wallahi ban sake barin buhu ɗaya ba tare da na soka ba. Aka riƙa kawo ni misali, ana cewa mutumin da ko a kan ƙanensa bai yi ƙarya ba. Na je Hajji. Alhaji na Fakku ya rasu yana ganin hannunsa wanke yake. Na sha yin niyyar magana, musamman in azumi ya zo, sai in ce bari a aurar da wance tukuna, bari wane ya gama makaranta.

Bara da mahaifiyarku ta rasu, bayan an watse daga zaman makoki, na ga Sahabi yana naɗe tabarmi yana tari. Sai na gane cewa mu biyu ne, ni da mahaifiyarku, muka san gaskiya a duniya, kuma ɗaya ta tafi. In na faɗi gobe, shi ke nan, shi ne mai waken guba har jikokinsa. Bayan kwana takwas na tafi rumfarsa da safe. Na iske shi ya tsoma tayar babur a ruwa yana neman inda take yoyo. Ya tashi zai ba ni bencinsa, na ce ya zauna, na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na faɗa masa duka, kamar yadda na rubuta muku, ban rage ba. Bai katse ni ba. Motoci suna wucewa, hannunsa yana cikin ruwan.

"Ko ɗaya ba ka soka ba?"

"Na Baba, ko ɗaya."

"Kuma ka ji warin."

"Na ji."

Ya ciro tayar ya aje, ya goge hannu a rigarsa a hankali. Na zaci zai zage ni, ko ya kore ni, kuma da na fi son haka.

"Yaya, mako guda kafin wannan lodi na ɗauko jarkokin maganin feshi daga Jega. Guda ta tsiyaye. Na wanke bayan mota da omo har sau biyu. Da anka karanta mini takardarka, sai na ce to ashe bai wanku ba. Ni na kashe su. Ban taɓa faɗa ma kowa ba, ko uwar ɗiyana."

Ya ci gaba:

"Akwai wani malami da munka zauna da shi ciki. Na tambaye shi hukuncin wanda ya kashe rai bisa kuskure. Ya ce azumin wata biyu a jere, ba hutu, kowane rai da nashi. In ka sha ko rana ɗaya ba dalili, ka koma farko. Na yi na tsohuwar. Na yarinyar sai da na fara sau uku, don abincin wurin sau ɗaya aka ba da shi, da rana, in ka aje sai a sace. Can cikina ya lalace." Ya dubi titi. "Kowace sallah nika roƙon Allah kada Ya haɗa ni da yarinyar nan ranar tsayuwa. Har yau da asuba na roƙa."

Na sauko daga kan tayar na durƙusa a ƙasa gaban ƙanena, mutane suna wucewa suna kallo. Na ce ya yafe mini don Allah.

"Tashi, Yaya, jama'a na gani. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ka bar ni in saba da labarin tukuna. Inna dai ta tafi, wannan ba ni da ikon yafe shi." Ya jawo wata taya ya ɗora a gwiwa, ya tsaya yana kallonta. "Ashe azumin nan ba nawa na ba. To shina nan, shina jiran mai shi."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na tashi a masallacin unguwarmu bayan an sallame, na faɗa wa jama'a. Ku kuna Sakkwato da Kaduna, na hana a kira ku a waya, domin ina son ku ji daga hannuna. Azumin tsohuwar na gama shi kafin watan Ramadan. Na yarinyar yau kwana goma sha tara, kuma wannan ne farawa ta biyu. Baffanku bai zo gidan nan ba tukuna, ni ma ban aika a kira shi ba.